Nauyin Ƙugiya

"Sa dalma," in ji wani tsohon masunci, ya miƙo wa magidancin da ke jefa ƙugiya kusa da shi 'yar ƙwallonta. "Da sanyin nan kifi duk ya kwanta ƙasa, ƙugiyarka kuwa sama take yawo."

Bai karɓa ba. Kwana uku ke nan yana zuwa wannan tafki na bayan Gummi yana komawa hannu rabbana, ga matarsa tana jego, nono ya ƙi zuwa, ungozoma ta ce sai an haɗa mata da romon kifi.

"Baba, gubar dalma ta ci mini ɗiya biyu a Bagega. Ko taɓa ta ba ni yi."

Ya tsinci tsakuwa ya ɗaure kusa da ƙugiya, ya soka tana mai rai, ya jefa can tsakiya. Ya jira har yatsunsa suka ƙage. Da hantsi zaren ya miƙe, ya kusa yanka masa tafi. Tarwaɗa ce, tsawon hannu.

A tsakar gida ya farke cikinta, bakinsa har kunne. Sai wuƙar ta ci karo da wani abu. Ya zaro tsohuwar ƙugiyar wani masunci, da guntun zare, da ƙwallon dalma wadda cikin kifin ya cinye rabinta.

Jaririyar ta tsala kuka a ɗaki.

"Malam, a ɗora tukunya?" matar ta tambaya daga bayan labule.

Ya dunƙule dalmar a hannu, ya ja buhu ya rufe kifin.

"Yau ma kifaye ba su ci ƙugiya ba," ya ce mata.