Motar Hawan Mambila

Tun da dusar ƙanƙara ta fara sauka a tsaunin Mambila, kowa can yake zuwa hutu, wasan zamiya. Barira da 'yarta ta fari suka shiga garejin haya a Jalingo neman mota.

"Tayoyin waccan da kika nuna ba sa kama ƙanƙara, Hajiya," in ji mai garejin. "Ku ɗauki wannan mai tuƙa kanta. Amma doka ce, babba a cikinku zai faɗa mata sunan kowa da bakinsa."

"In ban faɗa ba fa?"

"Wanda ba a ambata ba, kaya take ɗaukarsa. In santsi ya kwashe ta, kaya take fara zubarwa."

Tun ranar suna, kunyar 'yar fari ba ta bar Barira ta kira sunan yarinyar nan ba.

"Umma, mu haƙura mu koma gida."

Amma Barira ta faɗa wa motar sunan kanta kaɗai, suka shiga. Motar ta ce, "Mutum ɗaya, kaya ɗaya. In rufe?"

Barira ta riƙe ƙofar, ta kau da kai. "Zulaihatu," ta ce.

'Yar ta waiga baya, tana neman wanda ya kira ta.