Kwamfutar Siton Goni

Ranar Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe, Habibullah ya sauke sandar awo a gadon bayan Ikrima. Ta ƙarfe ce, irin wadda ake auna yadi da ita a Kantin Kwari. Ikrima ya kife a kan dilolin shadda a cikin sito, jini na zuba daga bakinsa.

A cikin wannan siton na Fagge aka tsinci gawar Goni, yayan Habibullah, ranar Litinin, an fasa masa kai. 'Yan sanda sun zo sun duba kwamfutar da ke ajiye hotunan kyamarar siton, suka tarar an goge bidiyon ranar kaf. Suka ce za su dawo. Ba su dawo ba. Washegari kwamfutar ma ta ɓace.

Kawu Wali, ƙanen mahaifiyarsu, shi ya gano inda take: ƙarƙashin teburin Ikrima, abokin kasuwancin Goni tun suna samari, an lulluɓe ta da buhu. Kawu ya taɓa samun saɓani da Goni kan makullin siton, amma a makabarta babu wanda ya kai shi kuka. Yau ma shi ya fara kai hannu. Kafin Ikrima ya buɗe baki ya maka masa kwaɗon ƙofa a muƙamuƙi da hannun hagu, domin na daman a ɗaure yake da bandeji. Santsi ne ya kwashe shi wajen alwala, in ji shi.

"Kawu... Kawu..." Iyakar abin da ke fita daga bakin Ikrima ke nan.

"Yanzu ka san roƙo?" in ji Habibullah. Ya sake ɗaga sandar, ya sauke a gwiwa. Wani abu ya ce ƙas.

"Ƙarasa shi," in ji Kawu. "Jinin ɗan'uwanka ne a hannunsa."

Habibullah ya ɗaga sandar saitin kai. Sai idonsa ya faɗa kan kwamfutar. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: in an riga an goge komai, me mutum zai yi da ita har ya ɓoye? A jikinta akwai sitika mai suna da lambar waya: Boniface, Sabon Gari, wanda ya haɗa wa Goni kyamarar.

"Jona ta a wuta ka bar ta nan, mu gama da wannan tukuna," in ji Kawu.

Habibullah bai jona ba. Ya ɗaure ƙafafun Ikrima da igiyar dila, ya datse sito, ya rungumi kwamfutar. In Boniface ya ce babu komai a ciki, zai dawo ya ƙarasa abin da ya fara kafin azahar. Kawu ya ce ba zai bar shi ya tafi shi kaɗai ba. Cunkoson motoci a mahaɗar Bata ya riƙe adaidaita sahunsu, Kawu na ta share gumi da hularsa.

Shagon Boniface ɗan tsukuku ne a bayan masu sayar da janareto. Kawu, mutumin da ba ya wuce ko mai goro bai tsaya hira ba, ya toge a bakin ƙofa, ko sallama bai yi ba.

Boniface bai kunna kwamfutar ba. Ya kwance ta, ya ciro faifan ajiyarta, ya haɗa da tasa.

"Oga, gogewa ba ƙonewa ba ce," in ji shi. "Kamar ka cire lamba daga jikin dila ne, dilar tana nan a sito. Abin tsoro shi ne difrag. Shi ne kwamfuta ta sake jera kayanta, ta jawo wannan ta tura wancan. Nan ne take iya ɗora wani kaya a gurbin wanda aka goge. To, sai dai haƙuri."

"An yi shi?"

"Ba a yi ba. Da kanta take yi duk mako, in tana kunne, kuma an raba ta da wuta kafin lokacin ya zo. Wanda ya zare ta, ka je ka yi masa godiya. Bidiyon zai dawo, amma manya ne, sai zuwa yamma."

Habibullah ya dubi hannun rigarsa. Jinin Ikrima ya fara bushewa a jiki.

Boniface ya juya kwamfutar, ya kalli sitikar, ya gane ta siton Goni ce, ya ɗaure fuska.

"Tsaya. Kan wannan kwamfutar aka kira ni ranar Litinin. Wani ya ce daga siton Alhaji Goni yake, ya goge manyan bidiyo, ya ji ana cewa sai an yi difrag, ko dole ne? Na ce ba dole ba, ya bar ta a kunne kawai. Ya ce in ta yi, abin zai iya dawowa? Na ce da wuya. Har albarka ya sa mini."

"Wane ne?"

"Bai faɗi suna ba. Ga dai lambar."

Habibullah ya karanta. Bai san ta ba. Ba ta Ikrima ba ce.

"Kira," ya ce.

Boniface ya danna, ya ajiye wayar a kan tebur. Habibullah ya zuba mata ido.

A bakin ƙofa, wata ƙaramar waya ta fara ƙara cikin aljihun Kawu Wali.