Ƙofar Ɗakin Inna

Tun da aka kafa dokar, kowace ƙofa a garin tana nuna sunan wanda ya buɗe ta na ƙarshe, da lokacin. A jikin ta ɗakin Inna an rubuta: Inna, Talata, bayan la'asar. Ranar ta tafi asibiti, ba ta dawo ba. Shekara biyu Tanimu bai bar kowa ya taɓa ƙofar ba.

Sai damina ta huda rufin.

"Kai Tanimu, ruwa na cin kayanta," in ji yayarsa Ladidi. "Rubutu za ka yi ta gadi?"

"Yaya, nan kaɗai sunanta ya rage."

"To ni in buɗe?"

Ya girgiza kai, ya tura da kansa. Katifar ta riga ta ruɓe. Da ya waiwaya, rubutun ya koma: Tanimu, Asabar, yanzu.