Saura Kwana Tara

A shekarun da ambaliya ta yi yawa, kowace ƙofa a Tungar Maje tana da fitila mai ƙirga mutanen gida. Doka ce, ba a buɗe madatsar ruwa sai kowace fitila ta nuna sifili.

Ranar da za a saki ruwan ya bi ta garin, kafin hantsi gari ya watse, sai Gwaggo Tabawa kaɗai. Tana takabar mijinta Sallau, saura kwana tara.

Liman Barau ya yi sallama daga zaure. "Tabawa, mota na jiranki."

"Allah gafarta Malam, a ɗakina aka ce in zauna. In ruwa ya ci ni, kwanana ne ya ƙare."

"Muddin kina ciki ba za su buɗe ba, ga madatsa ta cika. In ta fashe, garuruwa huɗu za ta kwashe. Shari'a ta yi miki uzuri."

Sai ta naɗe buzun marigayi, ta yafa mayafi, ta fito da bismillah.

Da ta waiwaya, fitilar ta koma sifili. Wata huɗu tana zaune domin Sallau, ashe ita kaɗai ake ƙirgawa.