Jakin da Aka Bari a Tsakiyar Kogi

Kai da kake ƙorafin ba a yaba maka da baki, saurari wannan. An yi wani marubuci, gwanin zane, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa yara littattafan ban dariya. Gwarzon labaransa wani jaki ne mai taurin kai, Kunne-Tsaye, wanda yau zai shiga jirgin ƙasa a ɓoye, gobe ya tsinci kansa a kasuwar dabbobi yana taya kansa da kansa. Littattafan sun shiga ko'ina. Har a ƙauyen da mota ba ta zuwa za ka ga yara sun haɗa kai a kan guda ɗaya da ya sha hannu har bangonsa ya fita. Mutumin yana alfahari da aikinsa, kuma ya isa ya yi. Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Shi ɗan fari ne, mahaifinsa kuwa dattijo ne mai alkunya irin ta mutanen da, ko sunansa ba ya kamawa, balle ya ce masa sannu da aiki. Duk littafin da ya fito sai ya kai gida, tsohon ya karɓa ya ajiye gefe, ya tambayi lafiyar hanya. Ga 'yan tsugudidi suna ta hura wuta, wai gemu ya fara furfura ana zanen jaki, ai an zubar da girman gida. Tun yana toshe kunne har maganar ta shige shi. Ya ce a ransa sana'ar da babu albarkar uba a cikinta ba sana'a ba ce. Sai ya ƙudura zai bar ta, ya kama hanya don ya faɗa wa tsohon da bakinsa.

Ya isa da hantsi. Tun daga ƙofa ya jiyo kukan jaki a cikin zaure, yara na ta ƙyaƙyatawa. Ya leƙa. Ashe tsohon ne zaune kan buzu, tabarau a karan hanci, jikoki sun kewaye shi. Ya buɗe sabon littafin, wanda ya ƙare Kunne-Tsaye na cikin kwalekwale mai yoyo, yana kwaikwayon kukansa, dariya ta ci ƙarfinsa har hawaye na bin gemu. Da jin sallama ya yi wuf ya tura littafin ƙarƙashin buzu, ya haɗe rai, amma kumatu suka ƙi ba shi haɗin kai. Bayan gaisuwa bai dubi ɗan nasa ba, sai ya juya ga ƙaramar jikarsa.

"Ke, faɗa wa mutumin nan, ba a barin jaki a tsakiyar kogi a rufe littafi. Ya je ya fito da shi."

Marubucin ya sunkuyar da kai, daɗi ya cika shi. Zancen da ya zo da shi, da shi ya koma. Ya je ya fiƙe fensirinsa ya tsamo jakin nan, kuma har ya tsufa, in an tambaye shi sana'arsa, da ƙarfi yake cewa shi mai sa yara dariya ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.