Fayil Biyu, Akuya Ɗaya

Malam Na'ibi, akawun wani ofishi a Zurmi, ya shiga hedikwata a Gusau yana jan akuya. Sabuwar jiha ta zo da sabon umarni: duk wanda fayil ɗinsa ya saɓa wa kwafin Gusau, a bakin aikinsa.

"Mi ya kawo dabba ofis?" in ji Alhaji Yalwa, mai ajiyar fayiloli.

"Ranka shi daɗe, ita ta cinye muna shafi na bakwai. Na kawo ta ta ci naku, mu zo daidai."

Alhaji Yalwa ya miƙa wa akuyar shafin, sannan ya jawo wani gwangwani.

"Madalla. Mu kuma gara ce ta cinye muna na tara. Ga ta nan cikin gwangwani, ka kai Zurmi."