Daddawa a Ƙasar Sanyi

Kai da ka samu gurbin karatu a waje kake ta rawar kai, zauna ka ji. Akwai wata 'yar garinmu da ta tafi koyon haɗa magunguna a wata ƙasa mai sanyin tsiya. Babbar Sallah ta same ta can, ba rago, ba dangi, ranar ma sai da ta shiga aji. Ta ce wallahi ba za ta ci tuwon Sallah ita kaɗai kamar mayya ba. Ta gayyaci abokan karatunta, kowa da ƙasarsa, ta kwance ƙullin kuka da daddawar da uwarta ta cusa mata a ƙasan akwati. Sai ga wani ɗan ƙasarmu, ko shekara bai rufa a can ba amma har ya fara magana ta hanci. Ya ce don Allah ta rufa musu asiri ta dafa taliya kamar kowa, domin in mutanen nan suka shaƙi daddawa, kashinta ya bushe, ba mai ƙara zama kusa da ita. Maganar ta soke ta, don ba ta da kowa a garin sai su. Amma ta kalle shi sama da ƙasa ta ce, "Abin da aka raine ni da shi zan ɓoye? Wanda ba zai iya ba, ya toshe hancinsa." Ta ƙara wani dunƙulen a tukunya.

Kafin ta gama kwashe tuwon shinkafa, ƙamshin miya ya cika benen da ɗaliban ke kwana kaf. Baƙi biyu suka leƙo, suka yamutsa fuska, nan take suka tuna suna da aiki. Duk da haka ta shimfiɗa zane a ƙasa, ta dire kwano. Sai wata 'yar Koriya ta yi turus a bakin ƙofa, idonta ya cicciko, ta juya da gudu. Aka ce shi ke nan, ita ma ta tsere. Ashe ɗakinta ta je, ta jawo wata kwalba ta waken da kakarta ta ruɓar mata, wadda tun zuwanta take ɓoyewa a ƙarƙashin gado don kunya. Tana buɗewa, daddawarmu ma ta sara mata! Ganin haka wani ɗan Indiya ya ruga ya ɗauko nasa yajin, wata 'yar Habasha ta kawo nata. Aka wanke hannu aka zauna, ana ci ana share zufa ana dariya. Shi kuwa gogan naka mai magana ta hanci yana raɓe da cokalinsa yana haɗiyar yawu, kafin ya gama jan aji ya naɗe hannun riga, sai ƙanzo ya tarar.

Saboda haka in ka je, kada ka yarda wani ya sa ka ji kunyar tukunyar uwarka. Hausawa suka ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.